Suwaitata ta shaƙe ni a wuya, ga tafiya Reykjavik ta matso

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Na daɗe ina saƙa kayan jarirai da huluna, bana ne na fara gwada suwaita ta manya, irin ta mutanen Ayislan mai zane zagaye da kafaɗa. Zaren Léttlopi, wato ulun tumakin Ayislan, na yi amfani da shi, da kibiya mai milimita 4.5. Jikin rigar da hannayen sun zauna daidai, amma wajen zanen ya matse ni, wuyan yana shaƙe ni ta gaba, in na ɗaga hannu kuma rigar duka sai ta tattare sama. A watan Oktoba zan raka maigidana wani taro a Reykjavik, babban birnin Ayislan, kuma burina in sa ta a can. In warware ta duka ne? Sannan me ya kamata in gani a garin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki warware ta duka. Irin wannan suwaita, wadda suke kira lopapeysa, daga ƙasa ake saƙa ta zuwa sama: a gama jiki, a gama hannaye biyu, a haɗa su a kan kibiya ɗaya mai zagaye, sannan a hau kafaɗa da wuya. Duk abubuwan da kika lissafa a wannan ɓangaren na ƙarshe suke, shi kaɗai za ki sake. Jiki da hannaye, inda kika fi zuba lokaci, ba abin da zai taɓa su.

Kafin ki ja zare ko ɗaya, wanke ta tukuna. Ki jiƙa ta a ruwa mai ɗumi-ɗumi kamar minti 20, ban da cuɗawa, ban da murɗawa. Ki naɗe ta a tawul ki danne ruwan, ki shimfiɗa ta a ƙasa, ki ɗan ja kafaɗun da hannu zuwa faɗin da kike so, ki bar ta ta bushe. Zaren lopi, wato dangin Léttlopi da kika yi aiki da shi, ba a murɗa shi sosai wajen kaɗi, shi ya sa yake sakewa ya yi laushi in ya sha ruwa. Matsin santimita ɗaya ko biyu yakan tafi da wannan kaɗai. In ya wuce haka, wanki ba zai yi magani ba, sai a koma ga awo.

Ɗauko tef ki auna faɗin santimita 10 a cikin rigar, inda launi ɗaya ne, ki ƙirga idanun saƙar. Léttlopi a kan kibiya 4.5 ana sa ran ido 18 ne a faɗi, layi 24 a tsaye. Yanzu ki koma wajen zanen ki ƙirga. Ina da yaƙinin za ki sami 20 ko 21. Bambancin ido biyu kamar ba komai ba ne, amma duba lissafin: ido 180 a ma'aunin 18 suna ba da santimita 100, a ma'aunin 20 kuwa santimita 90 kacal. Santimita 10 sun ɓace ke nan, kuma a daidai inda jikin mutum ya fi faɗi, wato inda ƙirji da damatsa biyu suka haɗu.

Dalilin yana bayan rigar, juya ta ki gani. In ana saƙa da launi biyu ko uku, zaren da ba a aiki da shi yana ratsawa ta baya har a zo inda ake bukatarsa. Hannun da ya saba da launi ɗaya yakan ja wannan zaren ya ɗaure, don tsoron kada ya yi lilo, sai gaban ya tattare kamar bakin zani da aka ja wa zariya. Ki sa ɗan yatsa ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu. In bai shiga cikin sauƙi ba, kin ga mai laifin. Gyaran a hannu yake: duk lokacin da za ki canza launi, ki baza idanun da ke kan kibiyar dama su miƙe sosai kafin ki ɗauko zaren. Ki kuma ƙara girman kibiya zuwa milimita 5 a wajen zanen kaɗai. Wasu masaƙa suna juya aikin ciki-waje, zaren bayan ya bi ta zagayen waje wanda ya fi tsawo, dole ya sake. Ni wannan dabarar nake fara koya wa duk mai hannu da tsauri, don ba ta bukatar a riƙa tunawa a kowane ido.

Tattarewar rigar in kin ɗaga hannu kuwa alama ce cewa tsawon daga hammata zuwa wuya bai kai ba, don zanen da ya matse a faɗi yakan gajarce a tsaye. Ɗauko wata rigar sanyi da kike jin daɗinta ki auna wannan tazarar, ki kwatanta. In santimita 2 suka rage, ki ƙara zagaye biyar na launin jiki bayan kin haɗa hannaye, kafin ki fara zanen.

Maganar wuya kuwa, a nan laifin ba na hannunki ba ne kaɗai. Lopapeysa ta gargajiya gabanta da bayanta ɗaya ne, ba a bambanta su. Jikin ɗan Adam ba haka yake ba: ƙeya ta fi maƙogwaro tsawo, sai rigar ta zame baya ta taso ta gaba. Masu tsara saƙa na yanzu suna gyara wannan da gajerun layuka, wato a saƙa bayan rigar kaɗai, a juya a dawo ba tare da an zagaya gaba ba, layi huɗu zuwa shida, ko dai ƙasa da zanen ko dab da wuya. Baya ya ɗaga da kamar santimita 2, gaba ya sauka. Sannan ki rufe bakin wuyan da sako-sako, da kibiya mafi girma. Kan babban mutum ya haura santimita 50 a zagaye, ga kitso ga ɗankwali, ki sa wannan a lissafi.

Wajen warwarewa ki bi a hankali. Ki zura siririn zaren ɗinki cikin idanun zagayen da ke saman haɗin hammata, ya tare su kada su zube. Gashin lopi yana kama juna, in kika fizga zai tsinke. In ya tsinke kada ki ƙulla: ki ɗora bakin biyu a kan juna, ki ɗan jiƙa tafin hannu, ki murza har ya yi zafi, zai haɗe ba alamar tabo.

Ko ba ki gama kafin tafiyar ba, ki tafi da ita a jaka, don garin da za ki je ɗin nan tamkar makaranta ne ga mai wannan matsalar. Ki fara daga cocin Hallgrímskirkja da ke kan tudu. An fara gina ta a 1945, ba a gama ba sai 1986, hasumiyarta ta kai mita 74, kuma ana hawa da lif a ga rufin gidaje masu launi-launi da teku da dutsen Esja a ƙetare. Daga ƙofarta titin Skólavörðustígur ya gangara, a kansa kuma shagon ƙungiyar masu saƙar hannu ta ƙasar yake, wadda aka kafa a 1977. A nan nake so ki ɓata lokaci. Suwaitu ne jibge har sama, kowace da hannu aka saƙa ta. Ki gwada girma daban-daban, ki lura da inda hammata ta tsaya a wadda ta yi miki daɗi, ki juya cikinta ki ga yadda zaren bayan ya kwanta a sake, ki taɓa bakin wuyan. Abin da na yi ta bayani a sama, yatsunki za su gane shi nan take. Za ki kuma ga ba a sa wannan rigar a ɗame. Ana barin sarari na santimita 5 zuwa 10 fiye da awon ƙirji, don ana sa wata riga a ciki saboda ƙaiƙayi. Tumakinsu gashi iri biyu gare su, dogo mai kauri a waje da ke tare ruwa, da gajere mai laushi a ciki da ke riƙe ɗumi, lopi kuma haɗin su biyun ne.

Sauran tsakiyar gari da ƙafa ake cinye shi a wuni ɗaya. Ki gangara titin Laugavegur na kasuwanci, ki fita bakin teku wajen Sólfar, sassaƙen ƙarfe mai siffar jirgin ruwa, ki bi gaɓa zuwa Harpa, zauren kiɗa da taro mai bangon gilashi da aka buɗe a 2011. Daga nan tafkin Tjörnin ba nisa, gidan tarihin ƙasa kuma yana gaba kaɗan kusa da jami'a. In Asabar ko Lahadi ta same ki a gari, ki leƙa kasuwar Kolaportið kusa da tashar jiragen ruwa, ana samun suwaitu na hannu har da waɗanda aka taɓa sawa. In da sauran rabin wuni, ki hau bas zuwa Mosfellsbær, wani gari kusa da Reykjavik, inda masaƙar Álafoss ta fara aiki a 1896, yanzu tsohon gininta shagon zare ne a gefen rafi. Ki sayi zaren da zai ishe ki aiki guda a lokaci ɗaya, kuma ki duba lambar rini a jikin takardar ta zama iri ɗaya, don launi yakan ɗan bambanta daga rini zuwa rini.

A Oktoba iska ta fi sanyin kansa wahalarwa, kuma tana ratsa saƙa, don haka ki ɗora rigar ruwa a kan suwaitar. In sama ta washe da dare, ki ce wa maigida ya kai ki Grótta, can bakin gari inda hasken fitilu ya ragu, ko Allah zai sa ku dace da koren hasken nan da ke rawa a samaniya. Wajen abinci kifi ya wadata, shi ne mafi sauƙi gare ku. Tsiren-burodin da suke alfahari da shi, pylsa, akwai naman alade a haɗinsa, ki bar shi. Akwai masallaci a garin in Juma'a ta riske ku. Wuraren wankansu na ruwan ɗumi maza da mata a haɗe suke, kuma dole a yi wanka ba kaya a ɓangaren mata kafin a shiga, gara ki san haka tun daga gida. Ruwan zafi na famfo yana ɗan warin ƙwai saboda daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, kuma da zafi sosai yake zuwa. In za ki jiƙa suwaitar a masauki, ki surka shi da na sanyi tukuna, don ruwa mai zafi da cuɗa suna dunƙule ulu ya ƙanƙance, kuma wannan ba ya gyaruwa.