Rage nauyin tsofaffin takardun da aka yi wa sikanin

Sannu ɗan'uwa. Ka ce kana da tarin takardun tarihi da aka yi wa sikanin, fayilolin sun yi nauyi har ba sa turuwa, kana neman manhaja mai rahusa da za ta rage su. Ba sai ka sayi komai ba, na kyauta sun wadatar.

Amma tun farko ka adana ainihin fayilolin TIFF, wato hotunan farko da na'urar sikanin ta fitar, a wuri biyu, kada ka taɓa su. Kwafi kawai za ka riƙa matsewa, domin abin da matsi ya zubar ba ya dawowa.

Ni OCRmyPDF nake ba da shawara, ana aiki da shi ne ta hanyar rubuta umarni. Yana rage nauyi, ya sa a iya laluben kalma a cikin shafi, kuma ya fitar da PDF/A, tsarin da aka yi don dogon ajiya. Idan rubuta umarni na ba ka wahala, NAPS2 ya fi sauƙi. Ghostscript ma yana aiki, sai dai zaɓinsa na ebook yana sauke hoto zuwa dpi 150, wato ɗigo 150 a kowane inci, wanda ya yi kaɗan ga rubutun hannu ko tawadar da ta dushe. Kada ka sauka ƙasa da 300.

Inda nake so ka yi hattara sosai shi ne JBIG2, wani tsarin matse hoto da ake amfani da shi a cikin PDF. Yana matse shafin baƙi da fari ƙwarai, amma nau'insa mai zubar da bayani yana iya musanya alamomi masu kama da juna. A 2013 an gano wasu na'urorin sikanin na kamfanin Xerox suna mayar da 6 ta koma 8 saboda haka. Ga takardar da ke ɗauke da shekaru ko adadi, wannan ɓarna ce babba. Ka zaɓi nau'in da ba ya zubar da komai, ko CCITT Group 4, wani tsarin matsi da shi ma ba ya zubar da komai, ka fara gwadawa da shafi goma kafin ka saki sauran.