Amsa ga mai BM-800 da ke huci ba murya

Salamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce ka cusa mikro ɗinka BM-800 kai tsaye a ramin kwamfuta da wayar da aka haɗo maka cikin kwali, murya na fitowa can ƙasa kamar daga rijiya, ga wani "zuuu" da ba ya yankewa. Wallahi na ji maka, ciwon nan kusan kowa a nan ya sha shi. Kuma mikro ɗinka lafiyarsa lau.

Masu sayar da kayan su ke ƙona mini rai. Mutum ya san sarai wayar nan mai XLR (babban kan nan da ke shiga gindin mikro) a kai ɗaya, ƙaramin jak a ɗayan, ba inda za ta kai ka, amma ya amshi kuɗinka ya ce je ka cusa kawai. Ka dawo, ya ce laifin kwamfutarka ne. Ka sake dawowa, ya laƙa maka ɗan USB ɗin nan mai ramuka biyu, shi ma ƙarfinsa bai taka kara ya karya ba. Wani ma gwada maka zai yi a shago, ya ƙure amfili a tsakiyar hayaniyar babbar kasuwa. Ta ina kunnenka zai kama huci a wurin? Sai ka zo ɗaki da dare abin ya bayyana, shi ko ya riga ya ce kaya in sun fita ba su dawowa. Allah ya shirye su.

Mikro irin naka kondansa ne, wuta yake ci. Ramin kwamfuta volt 2 zuwa 5 kawai yake badawa, shi kuwa sai da 48V yake sakin jiki. Ka nemi kart son, akwatin da ke shiga tsakaninsa da kwamfuta ta USB. Behringer UM2 ko UMC22 sun ishe ka, in aljihu da nauyi Scarlett Solo. Waya kuma XLR a kai biyun, mai haƙora uku, namiji da mace. Ka kula da nan: ramin wasu kart son yana amsar babban jak a tsakiya, amma 48V ba ta bi ta jak, ta haƙoran nan kaɗai take bi.

Ka mayar da gain, wato abin murɗa ƙarfin mikro a kart son, sifili, ka rage ƙarar abin kunne, ka cusa waya har ta ce ƙas, sannan ka danna maɓallin 48V na kart son. In za ka cire, kashe 48V tukuna ka ɗan jira. Gain ɗin a hankali ake ɗaga shi kana waƙa da ƙarfin da za ka yi ta gaske, mitar ƙarfin murya a manhajar ɗauka ta riƙa taɓa -12 dB. Da jar fitila ta ƙyafta, ka koma baya. Af, kuma ta gefe ake yi masa magana, ɓangaren da tambari yake, tazarar taƙi ɗaya. Da yawa ta kai suke hura masa.

Shi "zuuu" ɗin nan 50 Hz ne na wutar gari, don yawancin gidajenmu ba a ja wayar ƙasa ba. Zare caja, kwamfuta ta tsaya kan batir, ka saurara. In ya ɗauke, ka kama ɓarawon. In injin wuta ake kunnawa abin ya fi muni, gara ka cika batir ka ɗauka bayan an kashe. Kada wayar mikro ta kwanta jikin ta caja.

In ka ji muryarka na makara a kunne, sa direban ASIO, manhajar da ke rage makarar sauti, a saitinsa ka rage lambar buffer zuwa 128 ko 256, ko ka danna maɓallin direct monitor na kart son ka huta.

Fanka dole a kashe ta ko da watan Afrilu ne, haƙuri za ka yi. Ɗakin siminti mai rufin kwano kuma amsa-kuwwa gare shi, ka jingina katifa a bango bayanka, ka rataya bargo a ƙofa. Da hunturu kada ka bar mikro a sandarsa ya kwana, ƙurar Maradi in ta hau fatar cikinsa sai ka ji yana ƙas-ƙas shi kaɗai. Mayar da shi kwalinsa.

Turo hoton kawunan wayar duka biyu da gefen kwamfutar, mu ga ko ramin naka ɗaya ne na haɗakar mikro da abin kunne, don shi jak mai zobe uku yake so.