Gida mai araha a unguwar 'yan shekara 55 a Amurka

Wani Alhaji mai sayo motoci daga Amurka ya turo min tambaya, yace ƙaninsa dake zaune a Florida ya nuna masa gida mai araha a irin unguwannin nan da ba a zama sai an kai shekara 55, shi kuma shekararsa 44. Yana so ya saya ya zuba ɗan haya, nan gaba kuma ya kai iyali su zauna. Wai zai yiwu?

To Alhaji, saye dai a mafi yawan wuraren ba matsala, domin dokar ba ruwanta da sunan dake kan takardar gida, wanda zai kwana a ciki take dubawa. Asalin maganar, tun 1988 aka hana masu gidaje a Amurka su ƙi mutum saboda yana da yara, amma aka ware unguwannin dattawa, sannan dokar gidajen dattawa ta 1995, wato HOPA, ta fayyace sharaɗin: a cikin gidajen da ake zaune aƙalla kashi 80 cikin 100 sai an samu mutum ɗaya da ya kai 55, kuma duk shekara biyu sai unguwar ta sake tantance shekarun mazauna da takardun shaida. Akwai ma na 'yan 62, can kowa da kowa sai ya kai.

Nasan dillali zai ce maka ai akwai ragowar kashi 20 ɗin, ka shiga ta nan. Kar ka yarda wallahi. Wannan ba haƙƙinka bane, ƙungiyar masu gidajen unguwar wato HOA ita ke da wuƙa da nama, kuma yawanci suna ajiye gurbin ne saboda irin matar da mijinta ya rasu ita bata kai 55 ba, ko magada. Yaranka kuwa a The Villages misali, wata babbar unguwar dattawa a Florida, wanda bai kai 19 ba ziyara kawai zai yi, kwana 30 a shekara, ka ga maganar kai iyali ta mutu kenan.

Haya ma haka, ɗan hayar sai dattijo, wasu unguwannin ma sun ƙayyade yawan gidajen da za a iya bayarwa haya ko suce sai ka riƙe gidan na wani lokaci tukuna. Araharsa kenan fa, masu saye kaɗan ne, ranar da ka buƙaci kuɗinka ka zuba a mota sai ka jira mai furfura ya taya. Ga kuɗin HOA duk wata ko da mutum a ciki ko babu, ga harajin gida, ga inshora wadda a Florida ta yi tsada sosai, sannan tunda kai baƙo ne ranar sayarwa ana iya riƙe har kashi 15 na kuɗin gidan saboda haraji, sai ka cike takardu kafin a dawo maka da rarar.

Kafin ka tura ko dala ɗaya kace ƙanin naka ya karɓo kundin dokokin unguwar, lauyan gidaje na can ya karanta maka sashen haya da na shekaru. In burinka iyali su zauna ne, ya duba maka gida a unguwar da ba ƙa'idar shekaru ko da ya fi tsada.