Su Wa Ke Shirya Waɗannan Fina-finai, Kuma a Ina?

Tambaya: Ina da shagon gyaran waya da tura fina-finai a Gusau. Wani lokaci idan aka kawo mini waya ko mimori, nakan ci karo da fina-finan batsa na maza da maza. Su wa ke shirya su, a ina, kuma tilasta wa mutanen ake yi ko da son ransu? Me ya kamata in yi idan na gani?

Amsa: Malam, na gode da tambayar. Hukuncin kallon batsa sananne ne, kuma fagen malamai ne. Ni ɗalibin tarihin fim ne, a nan zan tsaya.

Yawancin waɗanda ka ga an ɗauke su da haske mai kyau da kyamara ta gaske, kayan kamfani ne, kuma cibiyar sana'ar jihar Kalifoniya ce ta Amurka. Ba da fim aka fara ba, da mujalla aka fara. A 1945 wani mai ɗaukar hoto, Bob Mizer, ya kafa kamfani a Los Angeles, daga 1951 ya riƙa buga mujallar hotunan samari majiya ƙarfi sanye da ɗan kamfai, da sunan motsa jiki, don ya kauce wa dokar hana aika batsa ta gidan waya. Wannan fakewar ce ta bar wa fina-finan salon da suke kai har gobe: ƙirar jiki irin ta 'yan dambe, da shigar soja ko ta makaniki ko ta ɗan wasa. A 1962 Kotun Ƙolin Amurka ta ce gidan waya ba shi da hurumin hana irin waɗannan mujallu. A 1971 aka haska wani dogon fim irin wannan a sinima a New York, a shekarar kuma aka kafa kamfanin Falcon a San Francisco, yana aika gajerun fina-finai ta wasiƙa.

Abu biyu suka sauya sana'ar bayan nan. Kaset ɗin bidiyo ya kwashe masu kallo daga sinima ya mai da su ɗaki, sai labari da tsara fim suka zama ba dole ba, aka koma ga arha da sauri. Sai kanjamau, wadda aka fara ba da rahotonta a 1981, ta kashe 'yan wasa da daraktoci da dama. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 manyan kamfanoni sun tilasta sa kwaroron roba, kuma sun daɗe a kan haka kafin su sassauta, musamman bayan an amince da maganin riga-kafin cutar a Amurka a 2012. Da gurguzu ya rushe, wani ɓangaren aikin ya koma Gabashin Turai, irin su Firag da Budafes, saboda ƙwadago ya fi arha a can.

Batun tilasci kuwa, amsar ba ɗaya ba ce. A kamfanin da ke bin doka akwai takardar yarjejeniya da gwajin jini, kuma tun 1988 dokar Amurka ta wajabta ajiye shaidar cewa kowane ɗan wasa ya kai shekara 18. Amma talauci ma wani tilascin ne. Akwai 'yan wasan da ba neman maza suke yi a rayuwarsu ba, kuɗi kawai suka kai su, kuma biyan sau ɗaya ne, fim ɗin kuwa yana nan a intanet har bayan mutum ya yi aure ya haihu. Abin da ake gani na minti ashirin kan ɗauki awoyi ana tsayawa ana sakewa, da magunguna, sannan mai tacewa ya yanke ya haɗa. Duk wanda ya ɗauke shi a matsayin hoton rayuwar wasu mutane, ya sayi talla.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗaya nau'in: bidiyo mai rawa da aka ɗauka da waya a ɗakin haya, kana jin muryoyi irin namu. Da yawa an ɗauke su a ɓoye, ko an yaudari mutum ta intanet an tsare shi an ɗauka, ana karɓar kuɗi da barazanar tura wa danginsa. A Najeriya, inda dokar tarayya ta 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 14 kan auren jinsi ɗaya da abin da ya danganci haka, ga kuma dokar shari'a ta Zamfara tun 2000 da hukunci mai tsanani, wanda aka yi wa haka ba ya iya kai ƙara.

Kai kuma a shagonka, waya amana ce. Gyara aka kawo, ba bincike ba. Kada ka kwafa, kada ka tura wa kowa, kada ka nuna wa 'yan majalisar bakin shago, domin ba ka san yadda bidiyon ya shiga wayar ba, kuma zargi irin wannan kan tara jama'a a kan mutum kafin a ji ta bakinsa. Idan wayar ɗan ƙaramin yaro ce, ka samu mahaifinsa ko yayansa mai hankali a keɓe. Idan kuwa yaro ne a cikin bidiyon, wannan cin zarafi ne da dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta ko da ajiyewa, sai ka kai rahoto ga 'yan sanda ko NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane.