Ina zana fuska daga hoto, me ya sa buta ta gagare ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Daura ne, ina shekarar farko a sashen zane-zane na wata kwalejin ilimi a nan Jihar Katsina. Tun ina sakandare nake zana fuskokin mutane daga hoton waya, har biyana ake yi idan biki ya taso. Amma tunda aka fara darasi ba abin da muke zanawa sai kwali da bokiti da buta da aka jera a kan tebur. Butar da na zana ta fito a karkace, aka ba ni maki kaɗan, wani kuma da bai taɓa riƙe fensirin zane ba ya fi ni. Shin wannan darasi ɓata lokaci ne, ko ni ne ban iya ba? Me zan yi kafin jarrabawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Hannunka ya iya, idonka ne ba a horar ba tukuna, kuma domin idon aka shirya darasin shekarar farko.

Idan ka ɗauki hoto a waya, kyamara ta riga ta yi maka aikin da ya fi wuya. Ta ɗauki abu mai tsawo da faɗi da zurfi ta shimfiɗe shi a kan gilashi, ta tsayar da haske, ta yanka maka iyaka ta kowane gefe. Kai naka kwafe ne kawai daga shimfiɗa zuwa shimfiɗa. Butar da ke kan tebur kuwa ba wanda ya shimfiɗe maka ita. Da ido biyu kake kallonta, kowanne da nasa ɓangaren da yake hangowa, kuma da ka ɗan gyara zama siffarta ta sauya. Sannan ga babbar matsalar: ƙwaƙwalwa tana sa hannu ya zana abin da ta sani, ba abin da ido yake gani ba.

Ɗauki bokitin nan. Ka san bakinsa da'ira ne, saboda haka sai ka zana shi a buɗe sosai. Alhali daga inda kake zaune, da'ira ce da aka matse, wataƙila faɗinta ya ninka tsayinta sau huɗu. Gindinsa kuma ka san a kan tebur yake zaune daram, sai ka ja masa miƙaƙƙen layi. Ka sake duba shi: gindin a lanƙwashe yake, lanƙwasarsa ma ta fi ta bakin, domin ya fi nisa daga saitin idonka. Duk da'irar da ke kwance, idan tana daidai saitin ido layi ɗaya take komawa, tana yin ƙasa ko sama tana ƙara buɗewa. Ka gwada da faifai yanzu: riƙe shi a kwance daidai idonka, sannan ka riƙa sauke shi a hankali kana kallo.

Ban ga zanenka ba, amma na san yadda buta ke karkacewa a hannun masu zana fuska. Sukan fara daga murfi, su gama shi tsaf har da inuwa, su gangaro wuya, su gangaro ciki, kafin su kai gindi zanen ya riga ya gudu gefe guda ko takarda ta ƙare. Magini ba ya fara yaɓe kafin ya ja igiya. Ka fara sa alama huɗu marasa nauyi: ƙarshen sama, ƙarshen ƙasa, dama da hagu. Ka ja layi a tsaye ta tsakiyar butar, domin jikinta a kan wannan layin yake kewayawa, abin da ke dama daidai yake da na hagu. Hancin butar da mariƙinta su ne ƙarshe. Kuma kada ka shimfiɗa takarda a kan tebur kana kallonta a kwance. Jingina allon zanen ya fuskance ka, in ba haka ba duk abin da ka zana zai fito da tsawon da ba nasa ba.

Wancan abokin naka da ya fi ka maki, ba baiwa ya fi ka ba. Ba shi da wata tsohuwar hanya da yake karewa, abin da malami ya ce shi ya bi.

Awo shi ne zuciyar darasin, don haka bari in daɗe a kansa. Miƙe hannunka gaba ɗaya, kada gwiwar hannu ta lanƙwashe, domin da ta lanƙwashe awon ya ɓaci. Rufe ido ɗaya. Sa kan fensir daidai gefen gindin butar, ka zame da babban yatsa zuwa ɗaya gefen. Wannan shi ne ma'auninka. Juya fensirin a tsaye ba tare da ka ɗaga yatsa ba, ka ƙirga sau nawa faɗin ya shiga cikin tsayin. Idan sau ɗaya da rabi ne a zahiri, dole ya zama sau ɗaya da rabi a takarda, ko zanen ƙarami ne ko babba. Karkatar hanci kuma, ka daidaita fensir da ita a iska, ka tambayi kanka: da hannun agogo ne, ƙarfe nawa yake nunawa? Sai ka sauko da wannan karkata kan takarda. Akwai kuma dabarar da ɗalibai ke rainawa: ka bar mariƙin, ka zana ramin da ke tsakaninsa da jikin butar. Ƙwaƙwalwa ba ta haddace siffar wannan rami ba, dole ta bar ido ya yi aikinsa. Idan ramin ya yi daidai, mariƙin ya yi daidai.

Kwali kuwa, ana sa ku zana shi ne domin ka'idar kusa da nesa. Tsaya a miƙaƙƙen titi ka kalli turakun lantarki: tsayinsu ɗaya, amma suna ƙanƙancewa, kuma layin kawunansu da na gindinsu suna neman haɗuwa a wuri guda can gaba. Wannan wuri a saitin idonka yake. Duk layin da ke tafiya nesa, in yana sama da idonka gangarowa yake, in yana ƙasa hawa yake. Ranar Sallah ka lura a filin Idi kafin a tayar da salla: idan kana tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri, kawunan masu tsayinka duk a layi ɗaya suke, na kusa da na nesa, ƙafafuwansu ne ke hawa sama a idonka. Wanda ya gane wannan ya iya jera mutum hamsin a takarda ba tare da wani ya yi kamar yana shawagi ba.

Wannan ilimi yana da tarihi. Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira a ƙarni na 11, shi ya tabbatar da cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido. A Italiya, a birnin Fulorans, magini Filippo Brunelleschi ya gwada ka'idar kusa da nesa a aikace a farkon ƙarni na 15, Leon Battista Alberti kuma ya rubuta ta domin masu zane a 1435.

Shawarata, kada ka fara koyon ka'idar da ginin ƙasa. Na san ɗalibai na ɗokin zuwa Hasumiyar Gobarau ko tsofaffin zaurukan Daura, kuma sun cancanci a zana su. Sai dai bangon ƙasa ana gina shi da kauri a gindi yana sirancewa sama, kusurwoyinsa a murɗe, sabon shiga ba zai bambance tsukewar ginin kansa da tsukewar da nisa ta jawo ba. Fara da barandar ajinku da ƙofofinta. Gobarau ta jira zango na biyu.

A batun inuwa ne za ka sha wuyar rabuwa da tsohuwar al'ada. Masu kwafar hoto sukan murje fensir da yatsa har ko'ina ya yi sumul. Maiƙon yatsa yana ɓata takarda, murzar kuma tana kashe siffa. Ka gina duhu da layuka, kana bin lanƙwasar abin, kana ƙara wasu a kan wasu. Samo tulu ko ƙwai, ka ajiye kusa da taga ɗaya, ka rufe sauran. Za ka ga wurin da haske ya fi bugawa, sai tsaka-tsaki, sai wurin da ya fi duhu a jikin tulun, wanda ba a can baki yake ba, ɗan ciki yake. Bayansa akwai ɗan haske da ya dawo daga ƙasa ko bango, sai inuwar da tulun ya jefa, wadda ta fi duhu daidai inda ya taɓa ƙasa. Wancan hasken da ya dawo kada ya taɓa kai hasken gaba, nan ne mafi yawa ke kuskure. Runtse idanu kaɗan, ƙananan abubuwa za su ɓace, manyan ɓangarorin haske da duhu su rage. Tulu ya fi butar roba ko ta silba sauƙi domin ba ya ƙyalli. In a waje za ka yi, zaɓi hantsi ko bayan la'asar. Ranar tsaka ta Katsina inuwa a ƙarƙashin abu take maƙalewa.

Kayan aiki ba sa bukatar dogon bayani. Bakin fensir haɗin yumɓu ne da girafayit, wani baƙin ma'adini mai laushi: mai alamar H yumɓunsa ya fi yawa, yana da tauri da haske, mai alamar B ya fi laushi da duhu. HB da 2B da 4B da 6B sun ishe ka. Feƙe su da reza, bakin ya yi tsawo. A matakin farko riƙe fensir daga can baya, motsi ya taso daga kafaɗa, ba riƙon rubutu ba. Kada ka ƙona kuɗi a kan takarda mai tsada domin gwaji, kowace mai arha ta yi, gawayi ma yana aiki. Idan layi ya ɓaci, ja na daidai tukuna kafin ka goge tsohon, in ba haka ba a wurin za ka sake maimaita shi.

Fuska da jikin mutum za ku zo kansu, kuma da wannan awon za a yi: tsayin baligi kusan kai bakwai da rabi ne, idanu kuma a tsakiyar kai suke, ba can sama ba. Hukuncin zana mai rai magana ce ta malaman addini, su za ka tambaya. Abin da ya shafe ni shi ne, ko zanen atamfa ka nufa, ko tambarin kamfani, ko adon bango, ko koyarwa, wannan awo ba ya barin ka. Su Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya da Uche Okeke, waɗanda suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 suna ɗalibai, sun yi suna ne da salon da ya samo tushe daga gida, amma sai da suka zauna a aji suka zana abin da aka ajiye a gabansu.

Kafin jarrabawa, kowace rana ka zana abu ɗaya na gida daga zahiri, wayarka tana aljihu: yau ƙwarya, gobe takalmi, jibi kujera 'yar tsuguno. Rabin awa ya isa. Ka riƙe ƙaramin littafin zane domin tasha da kasuwa, zane mai sauri na minti ɗaya ko biyu, amma ka nemi izini kafin ka ƙura wa mutum ido. Aikin biki da kake karɓa ba sai ka daina ba, kawai kada ka lissafa shi cikin atisaye.

A ɗakin jarrabawa, ka ba awo da tsara abubuwa a takarda kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacin, da layi mara nauyi, kafin ka taɓa inuwa. Sa alama a ƙasa inda ƙafar kujerarka take domin kada mazauninka ya sauya. Lokaci-lokaci ka tashi ka ja baya taku uku ka kalli zanen da abin da ake zanawa tare. A gida kuma ka riƙa nuna zanenka ga madubi, karkatar da idonka ya saba da ita nan take za ta fito fili.