In sayi tsohuwar MG in gyara in sayar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni bakanike ne ɗan Kano, yanzu ina zaune a Birmingham ta Ingila, ina aikin albashi a wani gareji. Na tara fam 15,000. Akwai wani dattijo a unguwarmu mai mota MGB ƙirar 1977, ta daɗe a ajiye, injin ba ya tashi, tsatsa kuma ta ɗan taɓa ta. Ya ce in kawo fam 2,500. Ina ganin yadda ake sa wa irinta kuɗi mai kauri idan ta ji gyara. Niyyata in saya in gyara da hannuna in sayar, in abin ya karɓe ni in ajiye aikin in koma wannan. In kuma ba ta tafi a nan ba, in ɗora ta a jirgi zuwa gida. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa abin da ka tara albarka. Bari in fara da ƙarshen maganar: kada ka ajiye aikinka, kuma kada ka biya kuɗin motar nan sai ka shiga ƙarƙashinta da tocila. Kalmar da ta tsaya mini a wasiƙarka ita ce "ta ɗan taɓa ta". Injin da bai tashi ba abu ne mai sauƙi a wurin mutum irinka. Tsatsa ce take cinye jarin mutane a wannan harka.

Ka fara sanin hajar da za ka saya. An ƙera MGB a garin Abingdon kusa da Oxford daga 1962 zuwa 1980, kuma an yi sama da guda dubu ɗari biyar. Wannan yawan yana da amfani, domin da wuya ka nemi wani abu nata ka rasa. Kamfanoni irin su Moss Europe da Rimmer Bros suna sayar da kayan gyaranta sababbi. Har gangar jikinta sukutum kamfanin British Motor Heritage na garin Witney yana bugawa tun 1988, da ainihin na'urorin da aka yi na farko da su. Amma yawan nan shi ne kuma ya danne mata farashi. Duk wanda ya zo tayin taka yana da wasu da dama da zai je ya gani a makon. Ga kuma shekararta. Daga ƙarshen 1974 aka cire mata bamba mai ƙyalli aka sa baƙa ta roba, aka kuma ɗaga ta sama kaɗan, don a cika sharuɗɗan Amurka inda mafi yawan kasuwarta take. Masu sha'awar motar sun fi son ta da, mai bamba mai ƙyalli, kuma sun fi sakin kuɗi a kanta. Taka ta 1977 tana cikin masu roba, wato tana ƙasa a jerin farashi tun kafin ka taɓa ta.

Yanzu tsatsar. Motoci irin su Triumph Spitfire da TR6 suna da shasi daban, bodi daban, kana iya ɗage wannan ka yi aiki a kan wancan. MGB ba haka take ba, bodinta shi ne ƙarfinta. Kuma da yake ba ta da rufin ƙarfe, kusan duk nauyin riƙe gaba da baya yana kan dogayen ƙarafan nan biyu da ke ƙarƙashin ƙofofi. Kowanne faifai ne a kan faifai, an haɗe su da walda, bakinsu na gaba da na baya kuma sun ɓuya a bayan bodi. Gishirin da ake watsa wa titunan Ingila lokacin sanyi yakan shiga ciki da ruwa ya zauna, ya riƙa ci daga ciki yana fitowa waje. Kafin ka ga fenti ya yi ƙuraje, cikin ya daɗe da rubewa. Gyara shi yadda ya kamata sai an yanke bodi gaba da baya, an tokare motar don kada ta lanƙwashe, an cire ruɓaɓɓen an dasa sabo.

Saboda haka idan ka koma wurin dattijon, ka tafi da tocila da sukundireba da ɗan maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle. Ka bi ƙasan ƙofofi da kewayen tayoyi da maganaɗisun. Inda ya ƙi kamawa, an cusa fila an shafe da fenti. Ka ɗaga kafet ka danna ƙasan motar. Ka leƙa ramin batir da ke bayan kujeru, ka duba inda sifirin na baya ya kama bodi. Sannan ka sa jak ka ɗaga ta a hankali kana kallon tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi. In tazarar ta buɗe ko ta matse, ko ƙofa ta ƙi rufuwa, ka sauke ta, ka yi wa dattijo godiya, ka kama hanya. A wannan halin ko kyauta ya ba ka, ya ɗora maka nauyi.

Abin da ya sa na ce haka lissafi ne. Sa'o'in da ake kashewa wajen yankan ƙarfe da walda da gogewa da fenti ba su san darajar mota ba. Mota mai araha da mai tsada duk ɗaruruwan sa'o'i suke sha. Jaguar E-Type, wadda aka fara nunawa a Geneva a 1961, idan ta kammala tana iya ninka kuɗin MGB sau da yawa, shi ya sa tana iya ɗaukar kuɗin gyaranta har a ga saura. MGB mai bamba ta roba ba ta da wannan sararin, E-Type kuwa ko gawarta ta fi ƙarfin aljihunka. Ka ɗauki biro ka gwada. Ka buɗe jerin farashin masu kayan gyara ka rubuta ƙarafan bodi, birki, tayoyi, rufin tanti, kujeru, wayoyi, robobin ƙofa da na gilashi, kayan injin. Ka kira mai fenti ya faɗa maka nasa, tunda fenti mai kyau ba a yin sa a bayan gida. Ka ƙara hayar wurin ajiya na shekara guda ko fiye. Sai ka zo kan abin da kowane bakanike yake tsallakewa, wato ladan hannunsa. A ce, a misali, aikin ya ci maka sa'a 600, kuma sa'arka a garejin da kake fam 15 ce: fam 9,000 ke nan da ba ka rubuta ba. In ka sayar ka ga fam 2,000 a sama da abin da ka kashe, ka ce ka ci riba, alhali ka yi wa mai saye aikin shekara a kan ladan da yaron shago ba zai karɓa ba.

Farashin da ka ce kana gani ma ka yi hankali da shi. Abin da mai kaya ya sa suna daban, abin da aka sallama daban. Ka nemi sakamakon gwanjon tsofaffin motoci, inda ake rubuta abin da aka biya da gaske, ka duba na irin taka da shekararta. Ka lura kuma da lokaci: mota marar rufi da bazara take tafiya, in ta kai Nuwamba a hannunka sai ta yi kwantai har Afrilu. Akwai wani abin da nake ganin mutane ba sa son faɗa. Mafi yawan masu ƙaunar waɗannan motoci waɗanda suka yi samartaka ne a zamaninsu, yanzu kuwa sun manyanta, wasu sayarwa suke yi. Na bayansu hankalinsu ya fi karkata ga motocin shekarun 1980 da 1990. Ban ce kasuwar za ta mutu ba, amma ni ba zan sayi MGB in zauna jiran farashi ya tashi ba.

To ina kuɗin yake? Yana aljihun masu motocin. Mutumin da ya gaji motar mahaifinsa, ko ya sayi wadda ya yi mafarkinta yana saurayi, zai kashe mata fiye da darajarta yana sane, domin shi ba lissafin riba yake yi ba. Kai ka zama wanda ake biya. Garejin zamani da yawa sun saba da jona kwamfuta ta faɗa musu ciwon mota. Ka kawo musu kafireta biyu ƙirar SU ka ce su daidaita su da kunne, sai a fara kallon-kallo. Wanda ya koyi aiki a inda ake gyara abu maimakon a jefar, kamar yadda na tabbata ka koya, yana da abin sayarwa a nan. Ga wayarin na Lucas, kamfanin da ya yi kayan lantarkin motocin nan, da ya tsufa yana ba da wahala. Ga fetur mai E10, wato mai gaurayen sinadarin ethanol har kashi goma cikin ɗari, da ya zama na yau da kullum a Birtaniya tun Satumban 2021, wanda yake cin tsofaffin robobin mai, dole a sauya su ko a koma shan E5 mai ƙarancin ethanol amma mai tsada. Ga kan injin da aka yi don fetur mai dalma, wanda aka daina sayarwa a gidajen mai a shekarar 2000. Ga motocin da ake kullewa duk lokacin sanyi, da bazara ta zo a nemi mai tashe su. Kuma tun 2018 motar da ta haura shekara 40 ba dole ne a kai ta MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, ba, in dai ba a yi mata babban sauyi ba, don haka mai hankali yana neman wanda zai duba masa birki da ƙasan mota sau ɗaya a shekara. Duk waɗannan ayyuka ne na yini ɗaya ko biyu, kuɗinka a hannu, jarinka bai kwanta ba.

Abin da za ka kashe kaɗan ne: sifanu na inci, tunda na milimita ba sa zama daidai a kan notocinsu, injin walda mai kyau, littafin gyara na kowace mota, da inshorar masu sana'ar mota. Inda za ka samu mutane kuwa ƙungiyoyinsu ne, irin su MG Owners' Club da MG Car Club, suna da rassa suna haɗuwa a kai a kai. Kana ma da sa'a, babban baje kolin tsofaffin motoci a zauren baje koli na NEC da ke gefen garinku ake yin sa duk Nuwamba. Ka je ka saurara fiye da yadda za ka yi magana. Aiki ɗaya mai kyau a cikinsu yakan jawo wani, mummuna ɗaya kuma kowa sai ya ji.

In babban aiki ya zo, kada ka yanke farashi ɗaya a kan motar da ba ka buɗe ba, cinikin biri a sama ke nan. Ku yi a rubuce: kuɗin sa'a kaza, kayan gyara mai mota ne zai biya kafin a sayo, a ba ka kafin alƙalami, sauran kuma mataki-mataki. Duk abin da ka tono ka ɗauki hotonsa ka tura masa kafin ka taɓa.

Ka duba takardar aikinka, wasu garejin ba sa yarda ma'aikaci ya yi aikin gefe. Ka yi rajista da hukumar haraji ta HMRC a matsayin mai aikin kansa. Ka kuma sani cewa mai saye don ya sayar ɗan kasuwa ne a idon doka: ribarsa tana da haraji, kuma dokar kare masu saye ta 2015 ta ba wanda ya saya a hannunsa damar dawo da mota cikin kwana 30 idan aka samu aibin da ba a bayyana ba.

Maganar kai ta gida ka ajiye ta. Sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, ga kuɗin jirgi da na kwastan, ga mota gajeriya marar rufi a rana da ƙurar Kano.

Mu dawo kan motar dattijo. Akwai hali ɗaya da zan ce ka saya: idan ka duba ka tarar bodin lafiyayye ne, tsatsar ta sama-sama ce, matsalar duk ta inji da birki da wayoyi ce. Irin wannan ita ce hajar bakanike, domin abin da ya tsorata wasu masu saye shi ne abin da ka iya. Ka tabbatar takardar rajistar motar, wato V5C, tana nan da sunansa, lambar shasi ta yi daidai da ta jikin motar. Ka taya ƙasa da abin da ya faɗa. Ka tashe ta, ka gyara birki, ka sauya tayoyi da robobin mai, ka wanke ta, kada ka taɓa fenti. Ka yanke wa kanka iyaka tun yau, kada saye da gyara su wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ka tara, kuma ka rubuta kowace sa'a da ka yi a kanta. In ta kammala ka riƙa hawa zuwa taron ƙungiyoyin nan, ita za ta yi maka talla, sannan ka sa ta a kasuwa a watan Afrilu ko Mayu. In Allah ya kai mu, ka aiko mini da lissafin sa'o'in da na kuɗin, mu duba tare ko maganar ajiye aiki ta taso.