Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Python Ke Ƙin Haɗa Mini Lissafi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, a Yaba da ke Legas, kuma na rubuta wata 'yar manhaja domin kawuna da ke sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Ina so idan aka shigar da farashin buhu ta ƙara naira 500 kuɗin dako, amma sai ta tsaya ta nuna saƙon kuskure mai suna TypeError. Da na sa int(), umarnin da ke juya rubutu zuwa lamba, ta yi aiki, har sai ranar da Kawu ya rubuta 45,000, ta sake tsayawa. Ina mafita? Daga wani mai karatu, Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Matsalolin naka biyu ne, kuma ba iri ɗaya ba ne. Tun daga Python 3, wanda ya fito a 2008, duk abin da input(), umarnin da ke karɓar abin da mutum ya buga, ya karɓa rubutu ne, ko da alƙaluma aka buga, saboda haka kwamfuta ba ta san yadda za ta haɗa "45000" da 500 ba, shi ya sa ta ce TypeError, wato an haɗa rubutu da lamba, abubuwan da ba iri ɗaya ba. Ka gode wa Allah da ta tsaya, domin da ninkawa ka yi da 2, da ba ta yi ƙorafi ba, sai dai ta ba ka 4500045000, wato ta maimaita rubutun sau biyu.

Ta biyun kuwa, in ka duba da kyau, ValueError ce, wato int() ya kasa juya rubutun da aka ba shi zuwa lamba. int() yana yafe sarari a farko ko a ƙarshen rubutu, amma ba ya karɓar waƙafi, ko alamar naira, ko ɗigo irin na 12.5. Sai ka fara share waƙafin da replace(",", "") kafin juyawar, sannan ka sa juyawar cikin try da except ValueError, umarnin da ke tare irin wannan kuskure, ta yadda idan Kawu ya yi kuskuren bugawa, manhajar za ta nemi ya sake maimakon ta mutu a hannunsa ga mai saye na jira.

Kada kuma ka juya lambar wayar abokan ciniki da int(), domin sifilin farko na 0803 zai ɓace, lamba mai alƙaluma 11 ta koma 10. Haka ma lambar asusun banki, ka bar ta a rubutu, tunda babu wanda zai yi lissafi da ita.